Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Ni da Jirgin da Ke Cikin Kwamfuta

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Ƴan'uwana masu girma, kowane magidanci yana da wani abu da yake komawa gare shi idan hidimar yini ta lafa. Wani kiwon tantabaru ne nasa, wani ɗan lambu a bakin kogin Isa, wani kuwa ba ya ƙosawa da hirar kokowa daga takobin bana zuwa na baɗi. Ba mu cika kawo irin waɗannan abubuwa a majalisa ba, domin muna ɗaukar su ƙanana, alhali suna cin wani rabo na kwanakinmu wanda ba ya dawowa. Abin da ke cin lokacin mutum kuwa ya cancanci a zauna a auna shi.

Ni nawa abin baƙo ne a unguwarmu: tuƙin jirgin sama a cikin tsohuwar kwamfuta, da wata manhaja da ta girmi ɗana na fari. Sama da shekara 15 ke nan muna tare. Tsararrakina suna ganin wasan yara ne da bai kamaci mai furfura ba. Samari kuma suna cewa in ma za a yi, to a yi da sabuwar da ta fito, a yar da tsohon yayi. Na saurari ɓangarorin biyu, ban bar abin ba, ban kuma sauya shi ba. Ina so in shimfiɗa muku dalilaina, ko wani zai sami mudun da zai auna nasa abin sha'awar da shi.

Mece ce wannan manhaja?

Sunanta Microsoft Flight Simulator 2004, ko da yake a 2003 ta fito, don tunawa da cikar shekara 100 da tashin jirgin ƴan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, ranar 17 ga Disamba 1903 a Amurka, tashin da bai wuce daƙiƙa 12 ba. Asalin zuriyarta ya fi haka nisa. Wani injiniya mai suna Bruce Artwick ne ya fara ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1970, kamfanin Microsoft kuma ya fitar da tasa ta farko a 1982.

Wanda bai taɓa ganin ta ba zai zaci irin wasannin harbe-harben da yara ke yi a salula ne. A cikinta babu abokin gaba, babu caca, babu wanda ake kashewa. An ba ka jirgi a kan titinsa, an ba ka duniya mai filayen jirage wajen dubu 24, an ce ka tashi daga inda ka so, ka sauka inda ka so, bisa dokokin da iska da nauyi da mai suka shimfiɗa. Akwai ƙaramin Cessna 172 mai kujera huɗu, wanda a kansa matuƙa da yawa a duniya suka fara koyo. Akwai tsohon DC-3 mai farfela biyu, da manyan Boeing 737 da 747 da 777. Akwai kuma darussa da muryar wani malamin tuƙi, Rod Machado, mai bin ɗalibi daki-daki tun daga yadda ake riƙe jirgi a miƙe har zuwa sauka cikin gajimare.

Koyon tuƙi a ƙasa kafin a hau sama tsohuwar dabara ce. Tun 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya haɗa akwatin koyon tuƙi da zugazugan da ake sa wa kayan kiɗa a masana'antar mahaifinsa, kuma dubban matuƙa sun yi horo a cikin irinsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ke ɗakina jikan wancan akwati ne, sai dai nawa na sha'awa ne.

Yadda muka haɗu

Na tashi a gabashin Yamai, kusa da hanyar Doso, inda ƙarar jirgi ke katse hira a tsakar gida. A zamaninmu jiragen Air Afrique ne ke sauka, masu launin fari da kore, kamfanin da ƙasashenmu suka kafa tare a 1961, ya kuma durƙushe a 2002. Muna yara mukan ɗaga kai har wuya ya gaji. Ina lakwal na sami labarin cewa a nan garin namu akwai EAMAC, makarantar hukumar ASECNA da ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi na ƙasashen Afirka da dama tun 1963. Burina shi ne in shiga wannan duniya, ko ta ƙofar matuƙa, ko ta ƙofar hasumiya. Allah bai nufa ba. Mahaifina ya rasu ina ajin ƙarshe na kwaleji, ni ne babba, ƙanne biyar a bayana, sai na shiga kasuwa. Da wannan kasuwa aka aurar da mata, aka karantar da maza, alhamdu lillahi. Amma burin bai mutu ba, kwanciya ya yi.

A 2009 na sayi kwamfuta ta hannu, cikin kayan da ake kawowa daga Turai, don lissafin shago. A cikin kwalinta na tarar da fayafai huɗu a gidansu. Wani yaro mai gyara ya ɗora mini su, ya ja mini kunne cewa faifai na huɗu kada ya bar cikin na'ura, in ba haka ba manhajar ba za ta buɗe ba. Ya nuna mini haruffa huɗu, DRRN, waɗanda su ne sunan filin jirgin Diori Hamani a wurin matuƙan duniya. Na rubuta su, sai ga ni a bakin titi, hancin jirgi na duban gabas.

Me ya sa tsohuwar?

Na san sababbi sun fito. An yi wata a 2006, sannan a 2020 wani kamfani na birnin Bordo a Faransa ya haɗa wa Microsoft wadda ke amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, har mutum yana iya hango rufin unguwarsu, aka kuma sake fitar da wata a 2024. Na ga ta 2020 a wurin wani ɗan'uwa, kuma lalle abin al'ajabi ce. Sai dai tana neman gurbin giga 150 a cikin kwamfuta, da na'ura mai tsada, da intanet mai ƙarfi, domin daga nesa take janyo hotunan ƙasa. Tawa kuwa ba ta cika giga 2 ba, ba ta cin data ko ta dala ɗaya, kuma kwamfutar da wani zai raina tana ɗaukar ta ba nishi. Mu da muka san kuɗin data, muka san yadda wuta ke zuwa ta tafi a watannin zafi, mun san wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Abin da zan kashe in bi sabon yayi ya isa kuɗin karatun yaro na shekara. Abin sha'awar da ya sa hannu a tukunyar gida ya tashi daga hutu, ya koma danne haƙƙin iyali.

Dalili na biyu ya fi na kuɗi nauyi a wurina. Sabuwar tana cika wa ido abin kallo, har mutum ya shagala da leƙen ƙasa ya bar tuƙi. Tsohuwar ba ta da wannan ado. Yamai a cikinta fili ne mai launin ƙasa da ƴan gine-gine marasa suna. Kogi yana nan, titin jirgi yana nan, amma kada ka nemi Babbar Kasuwa ko unguwarku yadda ka san su. Tunda babu abin kallo a waje, tilas ido ya dawo kan agogunan jirgi, hankali ya dawo kan lissafi. Abin da ta rage a hoto ta ɗora shi aiki a kan mai tuƙi, ni kuwa aikin nake nema.

Har ila yau, titin da ke cikinta shi ne na da, kafin gyaran 2019 gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka, lokacin da aka gina sabon zauren fasinjoji aka kuma ƙara wa titin tsawo. A kan wancan tsohon titi jiragen ƙuruciyata suka sauka. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Darussa huɗu

Na farko, dubawa kafin tashi. Matuƙi ba ya tayar da inji sai ya bi jerin abubuwan dubawa layi bayan layi: mai, birki, fikafikai, agoguna, rediyo. Wannan al'ada tana da tarihi mai ɗaci. Ranar 30 ga Oktoba 1935, a garin Dayton na Amurka, wani sabon jirgin Boeing mai inji huɗu ya tashi don gwaji a hannun ƙwararru, ya ɗaga hanci fiye da kima, ya faɗo ya kama wuta, mutum biyu suka rasa rayukansu. Bincike ya nuna jirgin lafiyarsa ƙalau. Makullin da ke riƙe sassan tuƙi yayin da jirgi ke ajiye ne aka manta ba a cire ba. Ba a ce matuƙan jahilai ne ba. An gane cewa ƙwaƙwalwar gwani ma tana zamewa, sai aka rubuta jeri a takarda aka ɗora wa babba da yaro bin sa. Wannan darasi ya bi ni har shago. Wanda ya ba ni ajiya, ko na ba shi bashi, a take nake rubutawa a gabansa, ko da ɗan ɗakinmu ne, domin zumunci da yawa ya lalace a kan “na ɗauka na faɗa maka”.

Na biyu, gaskata ma'auni fiye da jin jiki. A cikin manhajar mutum yana tsara yanayi da hannunsa. Nakan sa hazo irin na watan Janairu, wanda ke lulluɓe Yamai har a kalli rana ido da ido, in rage nisan gani ya gaza kilomita biyu. Da an bar ƙasa sai sama da ƙasa su zama launi ɗaya. A gaban matuƙi akwai agogo shida: na gudu, na tsawon da aka kai a sama, na karkatar jirgi, na fuskar da aka nufa, na juyawa, da na saurin hawa ko gangarowa. Matuƙan gaske sun san cewa a irin wannan hali kunnen ciki yana yaudarar mutum, ya ji kamar a miƙe yake alhali jirgi ya karkata yana zurarewa ƙasa. Magani ɗaya ne aka koya musu: ka gaskata agogo, ka ƙaryata jikinka. Duk wanda ya taɓa yin fushi ya san wannan hazo. A wannan sa'a mutum yana ji a jikinsa cewa shi ke da gaskiya, kuma jin nan da ƙarfinsa yake zuwa. Mai rabo shi ne wanda ya tanadi ma'aunin da bai dogara da halin zuciyarsa na lokacin ba, kamar ƙa'idar da ya riƙe tun yana cikin natsuwa, ko dattijon da yake jin maganarsa.

Na uku, fasa sauka. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, shi ya sa sauka ce babbar jarrabawar matuƙi. Ƙaramin Cessna yana tunkarar titi da gudun kilomita 120 a sa'a, ko kusa da haka. Idan ya zo da gudu fiye da kima, ko ya yi sama da yawa, ko iska ta ture shi daga tsakiyar titi, doka ita ce a ba inji wuta gaba ɗaya, a ɗaga, a zagayo, a sake. Makarantun tuƙi suna koyar da cewa babu kunya a cikin haka, domin haɗurra da yawa sun auku ne saboda matuƙi ya nace sai ya sauka tunda ya riga ya fara. Ku duba rayuwarmu. Nawa aka ƙulla cinikin da mai shi ya hango ɓarnarsa tun kafin a sa albarka, amma ya ji nauyin a ce ya janye? Nawa aka ɗaura auren da iyaye suka ga alamun da ba su gamsu da su ba, aka ce ai an riga an raba goro? Minti biyar ne zagayowa ke ci a sama. Nacewa kuwa tana iya cin jirgi da mutanen cikinsa.

Na huɗu, sanin abin da za ka iya ɗauka. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40, iska ta yi shakaf, inji ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, fiffike kuma ya rasa abin dogaro. Jirgin da ya tashi cikin sauƙi da asubahin Disamba sai ya ci titi mai tsawo da azahar ɗin Afrilu, kuma manhajar tana lissafa wannan. Ka cika kujeru huɗu, ka cika tanki, ka gwada tashi daga ƙaramin fili, za ka ga ƙarshen titi yana matsowa ƙafafun jirgi ba su bar ƙasa ba. Zaɓi ya rage gare ka: ka rage kaya, ka jira sanyin safiya, ko ka haƙura da tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ƙasarmu daga sama

Kafin wannan manhaja na san Nijar ta tagar mota. Yanzu na san ta da kamfas. Lambar 09 da ke rubuce a bakin titin Yamai tana nufin digiri 90, wato gabas sak, ɗaya bakin kuma 27, wato yamma. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, don haka da hunturu, lokacin da iska ke busowa daga arewa maso gabas, ta 09 ake tashi, da damina kuma sau da yawa ta 27.

Daga Yamai zuwa Maradi a miƙe kusan kilomita 540 ne. Cessna yana cin wajen kilomita 200 a sa'a, tafiyar ta kusa sa'a uku ke nan. Manhajar tana ba da damar gaggauta lokaci, ni ba na taɓa wannan maɓalli, domin a zaman jiran ne amfanin yake. Miƙaƙƙen layin yana bi ta kusa da Dogon Dutsi, ya ratsa sararin Nijeriya ta ƙasar Sakkwato kudu da Birnin Ƙonni, sannan ya dawo Nijar kafin Maradi. Daga sama ba a ganin shingen iyaka, ƙasar Hausa ce shimfiɗe ɗaya. Idan na nufi arewa nakan sauka a Agadas, a filin da ke ɗauke da sunan Mano Dayak, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a duwatsun Ayar a watan Disamba 1995.

Tafiyar da ta fi taɓa ni ita ce ta Jidda. Nisanta ya kai kimanin kilomita 4,000, sa'a biyar ko kusa da haka a cikin babban Boeing. Da an tashi ta 09 sai a ɗan karya hagu zuwa digiri 72, wanda kusan shi ne alƙiblar da masallatan Yamai ke fuskanta. Layin yana ratsa Tenere, ba nisa da inda jirgin kamfanin UTA ya tarwatse ranar 19 ga Satumba 1989 da mutum 170 a cikinsa. Daga nan ya wuce arewacin tafkin Chadi, ya ratsa ƙasar Chadi da Sudan, ya tsallake kogin Nilu, sai Bahar Maliya. Kakana ya yi wannan tafiya da ƙafa, ta hanyar da ta fi wannan gangarowa kudu, yana tsayawa yana ƙwadago a gonakin Sudan don tara guzuri, bai dawo gida ba sai bayan shekara bakwai. Tun ina yaro nake jin labarin, amma ban san girmansa ba sai da na zauna ina kallon rairayi yana wucewa sa'a bayan sa'a, a gudun da ya haura kilomita 800, bai ƙare ba. Ni har yau Allah bai kira ni ba. Hanyar dai na san ta, ina kuma roƙon ranar da zan bi ta a kujerar fasinja.

Iyakar abin

Kada wani ya ɗauka na zama matuƙi. Shekara 15 a kan kujerar ɗaki ba ta ba ni ikon taɓa jirgin gaske ba, domin a nan babu nauyin rayuka a wuyana, kuma idan jirgi ya faɗi maɓalli ɗaya ke tayar da shi. Masu yin aikin na gaske sun biya shi da shekarun karatu da jarrabawa, girmansu daban ne.

Tsararrakina kuma suna da gaskiya a wuri ɗaya: duk abin da ke da daɗi yana iya zama ɓarawon lokaci. Shi ya sa tun farko na gindaya masa iyaka. Dare biyu ne a mako, bayan isha'i, bayan an duba karatun yara an kuma ji buƙatun gida. A nan ma tsohuwar ta fi sababbin wasanni ladabi. Yawancin wasannin salula an ƙera su ne don su riƙa kiran mutum, su aiko saƙo, su yi alkawarin kyautar yau, su haɗa ka da waɗanda za su ji haushi idan ka tashi. Tawa ba ta taɓa kirana ba. Akwai harafin P a kan allon rubutu, idan na danna shi jirgi ya tsaya cak a sararin sama, mai ba ya raguwa, ba wanda ke jira. Ko baƙo ya yi sallama, ko yaro ya yi kuka, ko lokacin wani wajibi ya yi, sai in tashi, in na dawo in tarar da shi inda na bar shi.

Ga mudun da na ce zan ba ku, wanda kowa zai iya auna nasa abin da shi, tantabara ce ko ƙwallo ko salula. Shin yana cin abin da iyali suka fi ka haƙƙi a kansa? Shin idan aka kira ka kana iya ajiye shi a take ba tare da ɓacin rai ba? Shin idan ka tashi daga gare shi ka fi haƙuri da natsuwa, ko ka fi saurin hasala? Wanda abinsa ya tsallake waɗannan tambayoyi ya riƙe shi ba tare da jin kunya ba, ko da tsoho ne, ko da ana yi masa dariya. Wanda nasa ya faɗi ya san abin yi.

Wani amfanin ya zo mini ta inda ban zata ba. Ɗiyata mai shekara 12 ta fara zama kusa da ni tana karanta jerin dubawa, ina amsawa. Da haka ta iya digiri da kamfas kafin a kai su wurin a lakwal, ta iya raba nisa da gudu ta fitar da lokacin isa, ta kuma san inda Tawa da Damagaram da Difa suke a taswira. Ta tambaye ni ko mace tana tuƙa jirgi, na ba ta labarin Ouma Laouali, wadda a 2015 ta zama mace ta farko matuƙiya a rundunar sojin Nijar. Ban ɗora mata burina ba, domin kowane yaro da hanyar da aka rubuta masa. Amma ina kira ga iyaye ƴan'uwana: idan akwai tsohuwar kwamfuta a gida tana shan ƙura, kuma akwai yaro mai ɗaga kai idan jirgi ya wuce, ku zauna tare da shi a gabanta. Sa'ar da uba ya yi da ɗansa suna lissafin iska da mai ta fi sa'ar da kowannensu ya yi shi kaɗai da salularsa.

Allah ya sanya albarka a lokutanmu, ya ba mu ikon sauke haƙƙoƙin da ke kanmu, ya sa hutunmu ya zama ƙarfi a gare mu wajen aikin alheri, ya kuma kai matafiyanmu na sama da na ƙasa gida lafiya.